Jabu da Na Gaske a Akwatin Baba Tela

Duk faifan garmaho da ka tarar a Duwala, in ka bi sawunsa, galibi ta bakin kogin Wouri ya shigo. Kafin kaset ta zo ta karya kasuwar, jiragen ruwa ne ke kawo wa garin nan kiɗa: na Marseille da Bordeaux, na Liverpool, da waɗanda ke biyowa ta Legas. Ma'aikacin jirgi ya sauko da ɗan ƙunshinsa a ƙarƙashin riga don kada 'yan duwan su gani, ya sayar wa ɗan dako, ɗan dako ya hau da shi New Bell, kafin magariba faifan ya shiga hannu na uku. Akwai kantuna a Akwa masu sayar da faifai da rasit, amma ba can talakan unguwarmu yake saye ba.

Ƙananan faifan nake nufi, masu faɗin inci bakwai, waɗanda ke juyi 45 a minti ɗaya, waƙa guda a gaba, guda a baya. Kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da su a 1949. Dattawanmu da sunan Faransanci suka san su, karansentur. Ni ban riski zamaninsu ba, an haife ni kaset na kan mulki. Aikin rediyo ne ya haɗa mu. Ina da shirin tsofaffin kiɗa a daren Lahadi, kuma tun shekarar farko masu sauraro suka fara zuwa ƙofar tasha da faifai a cikin leda, wani a goge masa, wani a sa masa ya ji sau ɗaya kafin ya mutu, wani kuma tambayarsa guda ce: nawa wannan zai yi? Tambayar nan ta ƙarshe ita ta tilasta mini koyon abin da zan ba da labari.

Asalin New Bell kora ce. Jamusawa suka ƙudura tashin mutanen Duwala daga bakin ruwa su mayar da su baya, sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Filin da aka ware a bayan gari shi ne ya zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Ibo, da kakanninmu fataken goro da shanu. Unguwa irin wannan, inda katangar kowa ta jingina da ta maƙwabcinsa, ba a ɓoye kiɗa a cikinta. Saurayin Bahaushe a ƙarshen shekarun 1960 yana jin Shata da Ɗan Maraya a Rediyon Kaduna tare da mahaifinsa, in an yi isha'i kuma ya zame zuwa shagon tela inda James Brown da Otis Redding da Wilson Pickett ke ihu a kan garmaho mai batir. Da yawa daga cikin dattawan da ke sahun gaba a masallaci yau sun san wannan, ko da ba za su faɗa maka a gaban jikoki ba.

Kafin in kai ga jabu, sai na raba wasu abubuwa da jama'a ke cakuɗawa, kuma babu misalin da ya fi na ɗan garin nan, Manu Dibango, wanda aka haifa a Duwala a 1933. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas, shekarar da aka buɗe filin wasa na Réunification a nan garin. Manu ya yi wa gasar take, a bayan faifan kuma ya sa wani kiɗa, Soul Makossa. Kongo Brazabil ta fitar da Kamaru a wasan kusa da ƙarshe, kuma dattawan unguwa har yau suna ba da labarin yadda masu haushi suka yi ta farfasa faifan. Kiɗan bayan ne ya tsira. Kamfanin Fiesta na Faransa ya fitar da shi, kwafi kaɗan suka tsallaka New York, wani mai shirya casu, David Mancuso, ya tsinci ɗaya a wani kanti a Brooklyn, mai gabatar da shiri Frankie Crocker ya sa shi a tashar WBLS. Jama'a suka yi ta neman faifan, babu. Kafin ka ce kwabo ƙungiyoyin makaɗa sama da ashirin sun kwaikwayi kiɗan sun fitar da nasu da suna iri ɗaya. Daga baya kamfanin Atlantic ya sayi izini ya buga na Manu, ya kai matsayi na 35 a jadawalin Billboard a 1973.

To ka ga suna ɗaya, kaya huɗu. Akwai bugun farko. Akwai bugun izini, irin na Atlantic, wanda halas ne, sai dai ba shi ne ɗan fari ba. Akwai na kwaikwayo, wasu makaɗa daban suka kaɗa, in sun rubuta sunansu a takarda ba su yi wa kowa ƙarya ba. Sai na huɗu, wanda wani ya ɗauki muryar mai waƙa ba da saninsa ba, ya zuba a sabon faifai, ya manna masa takarda mai kama da ta asali ko ta wani kamfani da ba a taɓa yi ba. Wannan shi ne jabu. A kan manyan kamfanoni gane shi ba wuya, domin na gaske suna da yawa, sai ka ajiye su gefe da gefe. Wahalar tana kan ƙananan kamfanonin Detroit da Chicago da Los Angeles, waɗanda wani mai shagon aski ko mai garejin mota ya kafa, ya buga 'yan ɗaruruwa, kamfanin ya mutu. Na gasken ma da ƙarancin kuɗi aka yi shi, takardarsa a karkace, tawadarsa ta zuba. Ta yaya za ka raba talaka da mai shigar talaka?

A damina ta bara wata baiwar Allah ta kira ni bayan shiri. Ta ce, “Malam, Baba ne ya ce in neme ka. Yana da akwati.” Na san mahaifinta, duk unguwa Baba Tela ake ce masa, ya yi shekara fiye da arba'in yana ɗinki kusa da Kasuwar Kongo kafin yana ta rufe masa ido biyu. Likita ya ce aiki zai yi, ido ɗaya bayan ɗaya, kowane da kuɗinsa. Wani dillali ya riga ya leƙa akwatin ya yi tayin jaka 150 a kan duka, wato sefa dubu ɗari da hamsin, ya kuma ce akwai wani Bature da zai sauka a ƙarshen wata. Tun da kamfanoni irin su Analog Africa suka fara tono tsofaffin kiɗan Kamaru, har suka fitar da tarin Pop Makossa a 2017, masu farautar faifai ba su daina zuwa Duwala ba, kuma dillalai sun gane cewa a ƙarƙashin gadon tsofaffi akwai kuɗi.

Akwatin ƙarfe ne irin na amare, da hoton furanni da tsatsa ta cinye. Faifai 186 na ƙirga. Kusan saba'in sun riga sun mutu, wasu zafi ya lanƙwasa su kamar faranti, wasu danshin Duwala ya sa musu fumfuna har cikin layi. Wanda bai zauna garin nan daga Yuni zuwa Oktoba ba, ba zai gane abin da ruwa ke yi wa takarda ba. Akwai makosa, akwai rumbar Kongo, akwai hailaif na Najeriya. Na soul 64 ne. Kusan rabinsu bugun Faransa ne masu kwali da hoto, waɗannan ba su ba ni wahala ba: na shekarun 1960 za ka ga an rubuta BIEM a takarda, na baya kuma SACEM, hukumomin karɓar haƙƙin mawaƙa ke nan. Halas ne, amma ba su da tsada, don an buga su da yawa. Sauran 33 su ne masu babban rami a tsakiya, babu kwali, da sunayen kamfanonin da ban taɓa ji a bakin kowa a Kamaru ba. Na tambayi Baba inda ya same su. Ya ce wani kukun jirgin Liverpool ne, tsakiyar shekarun 1970, duk zuwansa sai ya kawo yadi a ɗinka masa, in kuɗi sun gaza ya cika da faifai.

Da na ji Liverpool da shekarun 1970 sai gabana ya faɗi, ga dalili. A arewacin Ingila a lokacin an yi wata guguwa da ake kira Northern Soul. Samari 'yan ƙwadago, Turawa, suna kwana rawa a wurare irin su Twisted Wheel na Manchester da Wigan Casino, wanda ya yi aiki daga 1973 zuwa 1981, kuma ba sa son waƙar da kowa ya sani. Waƙoƙin baƙaƙen Amurka na shekarun 1960 da suka faɗi a kasuwa suke nema. Mai sa faifai da ya samu irin wannan yakan rufe takardar da wata, ya ƙirƙira sunan mawaƙi na ƙarya, don kada abokan hamayya su gano. Inda buƙata ta yi yawa kaya suka yi kaɗan, ai sai masu jabu su buɗe shago. Labarin da ya fi shahara shi ne na Frank Wilson, wanda ya yi waƙar Do I Love You a 1965 a ƙarƙashin Soul, reshen Motown. Aka fasa fitar da ita, aka lalata kwafin, biyu aka sani sun tsira. Daga baya aka buga jabunta da sunan Eddie Foster, aka ɗan ƙara mata sauri. A 2009 aka sayar da ɗaya daga cikin na gasken a kan fam 25,742. Jabun kuwa kuɗin cin abincin rana ne. Kukun Baba daga tsakiyar wannan kasuwa yake fitowa, don haka a ƙunshinsa za a iya samun zinariya, za a iya samun tagulla da aka wanke.

Kwana uku na yi ina zuwa bayan la'asar da fitilar waya da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Ba daga takarda nake farawa ba, takarda ita ce abin da mai jabu ya fi ɓata lokaci a kai. Ina farawa daga wurin da ba ya tsammanin za a duba. Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai wani fili sumul wanda allura ke zagayawa ba sauti, ni da'irar shiru nake ce masa. In ka karkata faifan ga haske za ka ga lambobi da haruffa a wurin. Wanda ya yanka uwar faifan da masana'antar da ta zuba shi su ne suka bar sawunsu, kamar yadda maƙeri ke sa alamarsa a gindin wuƙa. Masana'antar Monarch ta Los Angeles tana da MR a cikin da'ira, da wata lamba da ƙaramin alwatika a gabanta. Ayyukan da Columbia ta yi wa ƙananan kamfanonin Detroit da Chicago suna ɗauke da ZTSC. Akwai hatimin Bell Sound, akwai na Nashville Matrix, akwai na Archer a Detroit. Hatimin inji yana da zurfi ɗaya da baki mai kaifi. Mai jabu ba shi da wannan hatimi, sai ya kwaikwaya da tsinke, ko ya bar wurin fayau, ko kuma, in ya yi zubinsa daga jikin faifan gaske, hatimin ya fito a dushe kamar sawun ƙafa bayan yayyafi.

Sai dai a nan ne masu rabin sani ke faɗawa rami. Sun ji an ce rubutun hannu alamar jabu ce, sai su yar da duk faifan da aka karce lambarsa da hannu. Alhali dubban faifan gaske da hannu aka rubuta lambarsu, domin haka masu yankan ke yi. Abin dubawa shi ne ko lambar da'irar shiru ta yi daidai da wadda ke takarda, da kuma ko ta yi daidai da ta sauran kwafin da aka tabbatar. A nan shafin Discogs ya yi mini rana, don masu tara faifai sun zuba hotuna da lambobin kusan kowane bugu. Amma hoto ba ya maye gurbin hannu, shi ya sa nake ci gaba.

Bayan haka sai takarda. Ta gaske da tawada zalla aka buga ta, in ka sa gilashi harafin yana tsaye da bakinsa tsaf. Ta jabu sau da yawa hoton ta gaske aka ɗauka aka sake bugawa, sai ka ga harafi ya yi kumburi, ƙananan rubutu sun cushe, launi ya koma ɗigo-ɗigo. Wani lokaci har tabon da ke jikin takardar asali ya shigo cikin hoton, ka shafa da yatsa ka ji sumul, tabo ne na bugawa. Akwai kuma kurakuran zamani, waɗanda na fi jin daɗin kamawa. Lambar gidan waya mai alƙaluma biyar a adireshin Amurka ta fara ne a 1963, don haka faifan da ke da'awar 1960 ba zai ɗauke ta ba. Harafin P a cikin da'ira ya zama ruwan dare a faifan Amurka ne daga 1972, shekarar da dokar tarayyarsu ta fara kare sautin da aka ɗauka. In ka gan shi a faifan Detroit da aka ce na 1966 ne, to bugun baya ne, ko na izini ko na sata. A faifan Ingila alamar ta girmi haka, kada a ɗauki ma'aunin wata ƙasa a auna wata.

Jikin faifan ma yana magana. Kashi biyu ne a Amurka. Akwai na roba mai ɗan laushi, wanda ake dannawa da zafi tare da takardarsa, har takardar ta zama fatarsa, farce ba ya shiga ƙarƙashinta. Akwai kuma na wata roba mai tauri da rashin nauyi, sitairin, wadda ake zubawa a narke sannan a manna takarda da gam. In ka ƙwanƙwasa shi da farce yana ƙara kamar faranti, kuma allura mai nauyi tana cinye shi da wuri. Columbia da Monarch duk sun yi irin wannan da yawa. Na riƙe wannan a raina, kuma ya yi amfani daga baya.

Kunne shi ne alƙalin ƙarshe, kuma a nan aikina ya ba ni fifiko a kan dillalai. Mai jabu ba shi da tef ɗin situdiyo, daga wani faifan yake ɗauka. Saboda haka sautin yakan yi kamar an lulluɓe shi da bargo, kuge ya dushe, ganga ta yi laushi. Babbar shaida ita ce ƙas-ƙas ɗin da ba shi da tabo. Ka ji allura ta yi ƙas a wuri ɗaya kowane zagaye, ka ɗaga faifan ka duba wurin da fitila, babu karce ko ɗaya. Karcen yana jikin faifan da aka kwafa, a Ingila ko Amurka, shekara hamsin da suka wuce, an ɗauke shi tare da waƙar. Na sami wannan a faifai shida na Baba. A ɗaya har ana jin saukar allurar ɓarawon kafin kiɗa ya fara.

Tsufa kuwa ba shaida ba ce ko kaɗan. Jabun 1975 ya tsufa daidai da kowa, yana da fumfuna, yana da warin akwati, yana da sunan Baba da biro a takardarsa, domin a da kowa yakan rubuta sunansa kafin ya kai faifai gidan biki. Na taɓa ganin dillalin da ke shafa wa sabuwar takarda ruwan shayi ya shanya ta a rana. Na Baba ba su buƙaci shayi ba.

Da na gama, 19 na gaske ne, 14 jabu. Cikin na gasken akwai huɗu da na san za su yi kuɗi sosai. Cikin jabun akwai uku waɗanda, da na gaske ne, da kowane ɗaya ya biya aikin ido biyu har da canji. Ɗaya daga cikin ukun, mai jar takarda, shi ne wanda Baba ya fi so. Tun ranar farko ya laluba ya zaro shi da hannunsa, ya gane shi ta wani ɗan gutsure a gefe, ya ce da shi aka yi rawa ranar da aka kawo masa marigayiya.

Surukinsa ya ja ni waje. Mutumin kirki ne, direban babbar mota tsakanin tashar jirgin ruwa da Ngaundere, kuma shi ke ɗauke da gidan. Ya ce, “Malam, kai kaɗai ka san wannan. Baturen nan in ya gane, ya gane, in bai gane ba, rabonmu ne. Su da suka kwashe mana kaya shekara nawa?” Ban ce masa ba shi da hujja ba. Ina da labarai a bakina da suka fi nasa zafi. André-Marie Tala, makahon mawaƙin nan na Bandjoun, ya yi Hot Koki, James Brown ya ɗauke kiɗan ya fitar da shi a 1975 da sunan Hustle, sai da Tala ya yi shekaru yana shari'a kafin ya ci. Michael Jackson ya ɗauki amshin Soul Makossa ya sa a kundin Thriller na 1982 ba da izini ba, sai daga baya aka sasanta da Manu a wajen kotu. Amshin Zangalewa na ƙungiyar Golden Sounds shi ne ya zama Waka Waka a gasar cin kofin duniya ta 2010. Duk gaskiya ne. Amma wanda zai zo ƙarshen wata ba James Brown ba ne, kuma mawaƙan da aka yi jabun muryarsu a akwatin nan baƙaƙe ne 'yan uwan Tala a wahala, wasunsu sun mutu suna aikin masana'antar mota ba su san ana rawa da waƙarsu a Wigan ba. Ban da haka, sunana ne zai tsaya a kan cinikin. Na ce masa ni dai ba zan ce jabu na gaske ne ba, amma kayan ba nawa ba ne, a bar mai kaya ya yanke.

Na shiga na zauna a gaban tsohon. Na ce, “Baba, akwai magana a kan mai jar takardar nan.” Na yi masa bayani a hankali, da'irar shiru, ƙas-ƙas ɗin da ba tabo. Ya yi shiru yana juya faifan a hannunsa. Can ya ce, “Wato kukun nan wando biyu da riga ya ci mini.” Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, “Ɗana, ni tela ne. In yadi yana da aibi ana nuna wa mai saye kafin a sa almakashi, haka malamanmu suka karantar. Ware su.” 'Yarsa ta ce, “Baba, ido na biyun fa?” Ya ce ido ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci. Surukin bai ce komai ba, ya fita ya daɗe a waje. Ban ga laifinsa ba, shi zai nemo cikon.

Baturen ya zo ranar Asabar tare da dillalin. Yana da ladabi, ya cire takalmi, ya gaida Baba da Faransanci. Na ajiye masa kashi biyu, na ce waɗannan 14 jabu ne, ba ma sayar da su a matsayin komai. Ya dube ni, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Sai ya juya kan 19 ɗin, ya ɗauki biyu daga cikin huɗun nan masu tsada, ya sa farce a gefen takarda ya nuna mini ta ɗan ɗago. Ya ce takardar manne take, waɗannan ma jabu ne, amma zai karɓa a farashin jabu don taimako. Dillalin ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ban yi gardama ba. Na ƙwanƙwasa faifan da farce ya yi ƙarar faranti, na kunna fitila, na miƙa masa gilashin, na nuna masa MR a cikin da'ira da alwatikan da lambarsa, zurfinsu ɗaya, bakinsu da kaifi. Na ce masa Monarch da gam take manna takardar irin wannan faifan, kuma na tabbata ya fi ni sanin haka. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ajiye gilashin ya ce, to, mu yi maganar kuɗi. Har yau ina tunanin gidaje nawa aka shiga a New Bell da Nkololoun da Bonaberi aka ɗaga takarda da farce aka ce jabu ne, babu mai fitila a kusa. Kalmar jabu wuƙa ce mai baki biyu, mai sayarwa yana ɓoye ta, mai saye yana zaro ta inda ba ta da hurumi, kuma a garin nan na biyun ya fi yawa, don masu akwatin tsofaffi ne da zawarawa.

An tashi a jaka 640 a kan 19 ɗin da wasu 'yan makosa da ya zaɓa. Dillalin ya karɓi la'adarsa yana ɓata rai. Na san a Turai za su ninka haka, ban kuma yi wa iyalin alkawarin farashin Turai ba, don babu mai kai su can. An yi wa Baba aikin idon dama bayan sallar layya. Na hagu yana jiran abin da surukin zai tara.

Jabun 13 suna wurina a tasha, a kwalinsu daban. Ina sa su a shiri, domin wasu waƙoƙin babu inda masu sauraro na za su ji su in ba nan ba, amma kafin in saki allura ina faɗin sunan mawaƙin na gaskiya da garinsa da shekarar, in kuma ce wannan kwafin na sata ne. Wani abokin aiki ya ce ina ɓata lokacin iska. Wataƙila, amma daƙiƙa goma ce.

Mai jar takardar yana wurin mai shi. Da na je duba shi bayan an cire bandeji, na tarar da shi a bakin ƙofa ya karkata faifan ga rana, ya rufe idon hagu da tafin hannu. Ya ce, “Zo nan, ɗana. Wannan karce-karcen ne lambar?” Na ce shi ne, Baba. Ya ce ko almajirin da ya yi wata uku a shagonsa ya fi wannan iya riƙe tsinke. Sannan ya aiki jikarsa ta sayo batir.